Malam Mika'ilu Lausu da Waɗanda Suka Rufe Masa Baki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A safiyar Talata, sha biyu ga watan Agusta na shekarar 2025, Allah Ya karɓi ran Malam Mika'ilu Alu Lausu a wani asibiti a Kano, bayan ya yi wata biyar yana jinyar ciwon ƙoda. Ya rasu yana da shekara sittin da huɗu. An kawo shi gida a ranar, aka yi masa sutura, aka sallace shi a Lausu bayan la'asar ana yayyafi.

Malam, tun ba a dawo daga maƙabarta ba hotonka ya cika wayoyi. Mutanen da suka shekara biyu suna tsallaka titi idan sun hango ka a kasuwar Rano, su ne suka riga kowa rubuta cewa an yi babban rashi. Wani ya kira ka zakin 'yan jarida. Wani ya tono tsohon hoton da kuka ɗauka tare a wajen wani taro, ya rubuta a ƙasa cewa kai uba ne a gare shi. Na bi rubuce-rubucen nan ɗaya bayan ɗaya, ban ga wanda ya faɗi dalilin da ya sa aka shekara biyu ba a ji muryarka a rediyo ba. Wanda bai sani ba sai ya ɗauka gajiya ka yi, ka ajiye makirufo ka koma gona. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ban fi su tsarki ba, kamar yadda mai karatu zai gani nan gaba, amma zan faɗi abin da ya faru.

Sunana Bushra, 'yar Kibiya ce ni. Shekara tara ina karanta labarai a Tsamiya FM, ƙaramin gidan rediyon da ake ji daga Rano har ƙauyukan Kibiya. A can na san ka. Ka zo mana ne bayan ka yi ritaya daga aikin malamin gona, aikin da ya sa babu fadamar da ba ka taka ba a yankin nan, babu rugar da ba ka sha fura a cikinta ba. Mahaifinka manomi ne a Lausu, mahaifiyarka Bafulatana ce daga wata ruga a gefen Unguwar Gai, don haka ka tashi da harshe biyu a bakinka. Idan manoma suka ji haushinka sai su ce ai ɗan Fulani ne. Idan makiyaya suka ji haushinka sai su ce ai Kaɗo ne. Kai kuwa dariya kake yi, ka ce duk sun faɗi gaskiya.

Shirinka sunansa Kowa Ya Faɗi Tasa, kowace Asabar bayan la'asar, da Hausa da Fulatanci. Dokarsa ba ta da yawa. Duk wanda zai yi magana sai ya faɗi sunansa da garinsu, kuma duk wanda aka zarga sai an nemi jin ta bakinsa kafin a sa maganar a iska. Ba ka yarda a ɗora laifin mutum ɗaya a kan ƙabila ba. Na tuna ranar da wani ya bugo waya yana cewa a kori Fulani kaf daga Kibiya. Ka ce masa, "Wanne ne ya yi maka laifi a cikinsu? Faɗi sunansa, gobe in je in same shi." Ya ce duk halinsu ɗaya. Ka ce, "To ka sake bugowa ranar da ka samo sunan," ka katse wayar. Bayan mako biyu wani makiyayi ya bugo ya ce manoma duk ɓarayin ƙasa ne, ka yi masa tambaya iri ɗaya, ka katse shi da murya iri ɗaya. Na kawo wannan ne saboda masu cewa kai ka so a bar kowa ya faɗi abin da ya ga dama. Ƙarya suke yi, kuma sun san ƙarya suke yi. Kai ka fi su sanin maganar da ke kunna wuta, domin kai ne kake zuwa wurin bayan ta kama.

Mutanen Unguwar Gai ba su manta kakar shekara huɗu da ta wuce ba. Wani saƙon murya ya zaga wayoyi cewa makiyaya sun kashe wani manomi mai suna Mato, har da hoton gawa da ba wanda ya san inda aka samo shi. Washegari kasuwa za ta ci a Kibiya, samari sun fara taruwa a bakin tasha, wasu da gora, wasu da adda. Ranar ba Asabar ba ce, ba ka da shiri, ba wanda ya aike ka. Ka hau babur ɗinka da rana tsaka ka tafi Unguwar Gai. Ni ce a ɗakin watsa shirye-shirye lokacin da wayarka ta shigo, ka ce in katse waƙar da ke tafiya in sa ka. Sai muka ji muryar wani mutum yana gyaran murya.

"Ni ne Mato da aka ce an kashe. Ga ni nan a ƙofar gidana ina ɓarar gyaɗa. An dai doke ni da sanda a hannu saboda shanu sun shigar mini wake, kuma na san wanda ya doke ni, ɗan gidan Ardo ne. Ardon ya zo da kansa ya ba ni haƙuri tun da safe. Masu shirin rama mini, don Allah su koma gida."

Aka maimaita muryar har sau huɗu kafin magariba. Washegari kasuwa ta ci, masu nono suka zauna a inda suka saba zama. Ba wanda ya aiko maka da takardar godiya, kai ma ba ka nema ba.

Alherinka gare ni kuwa ba zai ƙirgu ba. Kai ka koya mini in tambayi kaina wa ya faɗa kafin in karanta kowane labari. Da dangin maigidana suka ce ba su son jin muryar matar ɗansu a rediyo, kai ka sayi goro ka je ka zauna da surukina tun hantsi har azahar, kuna hirar taki da irin dawa, ba ka tashi ba sai da ya ce in ci gaba da aikina. Duk lokacin mangwaro sai ka ajiye mini leda a kan teburina, ka ce na yara ne.

A daminar shekarar 2023 aka wayi gari an kafa turaku na siminti an ja waya a kan burtalin da ke kusa da Rurum Tsohon Gari, hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa tun zamanin kakanni. Wayar ta haɗa har da rabin fadamar da wasu manoma ke noman rani a cikinta. Shanu suka rasa hanya sai ta cikin gonaki, aka fara cacar baki, kowa ya zuba ido yana jiran ranar da za a zub da jini. Ka je ka ga wayar da idonka. Ka binciko wanda ke riƙe da takardar filin, wani mai hannu da shuni da ke kusa da masu mulki, ka aika masa har sau uku cewa ya zo ko ya turo wakili. Bai amsa ba. Ranar Asabar ka zaunar da mutum biyu a gaban makirufo: wani dattijon manomi da aka cinye wa fadama, da Jannatu, mai tallan nono daga rugar da ke gefen burtalin. Dattijon ya yi bayaninsa a hankali. Da aka zo kan Jannatu, ba ta ja zance ba.

"Malam, ba manomi ne ya ja wayar nan ba. Manomin ma ga shi nan a zaune, an cinye masa fadama. Wanda ya ja wayar ba ya noma, ba ya kiwo. Da mota yake zuwa."

Ko sunan mutumin ba ka ambata ba. Cewa ka yi an nemi jin ta bakinsa, kuma ƙofa a buɗe take duk Asabar ɗin da ya shirya. A iya sanina, wannan ne karo na farko da manomi da makiyayi suka zauna a benci ɗaya a rediyo suna nuna wuri ɗaya da yatsa. Abin da ba a yafe maka ba ke nan. Da faɗa suka yi da juna a gaban makirufo, da ba wanda ya damu.

Ranar Litinin takarda ta iso daga Kwamitin Daidaita Kalamai. Ga wanda bai san shi ba, kwamiti ne da aka kafa wai don hana gidajen rediyo watsa maganganun da ke tayar da fitina. Masu mulki ne ke naɗa kowa a cikinsa, su ne kuma ke cire wanda suka ga dama. Shugabansa Alhaji Saminu, tsohon ɗan kwangila, wanda saninsa da rediyo bai wuce ya murɗa ta ya nemo tashar da ake yabonsa ba. Takardar layi huɗu ce. Ta ce shirinka ka iya haddasa rashin jituwa tsakanin al'ummomi. An dakatar da kai da shirin har sai abin da hali ya yi. Gidan rediyon ya nemi afuwa a fili, ko a rufe shi. Ba a faɗi wanda ya kai ƙara ba, ba a nuna kalmar da ta saɓa doka ba, ba a kira ka ka kare kanka ba, ba a kuma faɗi inda za ka kai kuka ba. Daga baya wani ma'aikacin ofishin ya gaya mini cewa faifan shirin da muka aika musu ba a ma buɗe ambulan ɗinsa ba.

Manajanmu Adnan, wanda ya yi digiri a kan aikin jarida, wanda ya rataye allo a bangon ofishinsa da kalamai masu daɗi a kan 'yancin faɗar albarkacin baki, bai kai awa ɗaya ba ya rubuta takardar neman afuwa. A ciki ya ce shirin ya ƙunshi maganganun da ba a tantance ba. Ya kira ni ya miƙo mini.

"Malama Bushra, ke za ki karanta a labaran ƙarfe huɗu."

Na ce, "Yallaɓai, ai babu ƙarya ko ɗaya a shirin nan. Kai ma ka saurara."

"Na saurara. Mutum goma sha bakwai ne ke cin abinci a gidan nan. Ki karanta kawai."

Na karanta, Malam. Na karanta da muryar da kai ka gyara, da numfashin da kai ka koya mini inda ake ajiye shi. Sau uku na karanta a ranar. Duk rainin da ke cikin wannan rubutu, kason farko nawa ne, kuma na ɗauka.

A makon nan da aka rufe bakinka saboda zaman lafiya, sojojin baka na 'yan siyasa suna nan suna shiga ɗakin da aka hana ka shiga, su zauna a kujerar da ka saba zama. Wannan ya zagi uwar wancan, wancan ya ce abokin hamayyarsa ba ɗan asalin garin ba ne, wani ya ce duk wanda ya zaɓi jam'iyya kaza ya fita daga addini. Kwamitin Daidaita Kalamai bai ji ko ɗaya ba. Kunnensa ba ya buɗewa sai ranar da mai tallan nono ta ambaci mota. Masu zagin nan kowa da ubangidansa, wasu ma ubangidansu ɗaya da 'yan kwamitin. Jannatu kuwa ba ta da kowa sai kai.

Da kaka ta yi a shekarar, abin da ake gudu ya faru a gefen wayar nan. Shanu suka faɗa gonar dawa, aka yi faɗa, mutum biyu suka rasa ransu, ɗaya manomi ɗaya makiyayi, aka ƙone bukkoki. Kwamiti ya aiko da umarni kada wata tasha ta ambaci maganar, wai kada a ruruta. Muka yi shiru muna sa waƙoƙi. Mutane suka koma wayoyinsu, inda mutum biyu suka zama ashirin kafin azahar, suka zama arba'in kafin la'asar. Mata suka kwashi yara suka bar rugage uku da ba abin da ya same su. Wasu manoma suka bar amfanin gona a daji har kwana biyar don tsoro. Ban san gaibu ba, ba zan ce da shirinka na nan da ba a yi faɗan ba. Abin da na sani shi ne, a ranar babu murya ɗaya a yankin nan da manomi da makiyayi za su ji su yarda, domin an kulle ta da takarda mai layi huɗu. Waɗanda suka kulle ta sun zo jaje da motoci, aka ɗauke su hoto suna raba tabarmi.

Sai bayan wannan na iya zuwa Lausu. Wata huɗu ina jin kunyar haɗa ido da kai. Na same ka da yamma a zaure, ka baza takardu a kan tabarma, gilashi a ƙarshen hanci. Na durƙusa na gaishe ka, na fara ba da haƙuri.

Ka ce, "Na saurare ki ranar. Kin karanta da kyau, sai dai kin yi sauri a sakin layi na biyu."

Na ce, "Malam, da gaske nake."

"Ni ma da gaske nake. Da kin ƙi, wani ne zai karanta, mu kuma mu rasa ki a gidan. Tashi ki shiga wajen Hajiya ki sha ruwa, ki dawo in nuna miki abin da nake rubutawa."

Kai ka ba ni wannan uzuri. Ni har yau ban ba kaina ba.

Abin da kake rubutawa shawara ce ta yadda za a gyara dokar da ke kula da gidajen rediyo. Da hannu ka rubuta a littafin makaranta, 'yarka Afra'u ta buga a na'ura. Ba ka nemi a rushe kwamitin ba. Ka ce ƙasar da mutane ke kallon juna da zargi tana buƙatar mai sa ido, amma kada wanda ake ƙorafi a kansa ya zama shi ke naɗa mai sa idon. A sa manoma a ciki, a sa makiyaya, a sa mata da 'yan jarida da malamai, kuma kowace ƙungiya ta zaɓo nata, a ba su wa'adin da ba wanda zai iya katse shi don an taɓa abokinsa. Inda ka fi tsawaitawa shi ne kan kalmar nan ta tayar da fitina. Ka ce a rubuta a fili abin da ake nufi da ita, yadda mai tallan nono ma za ta gane. Wanda ya ce a je a kashe, ko a ƙone, ko a kori wata ƙabila, a hukunta shi ko ɗan gidan waye. Wanda ya ce an toshe burtali, a je a duba burtalin. Muddin aka bar kalmar a buɗe, duk mai iko zai zuba abin da ba ya so a cikinta. Ka kuma ce mai ƙara ya faɗi sunansa kamar yadda masu bugo maka waya ke faɗin nasu, a saurari wanda ake ƙara kafin a yanke, a kuma bar masa hanyar zuwa kotu. Da na gama karantawa na ga ba wani sabon abu ka nema ba. Dokar shirinka ce ka ce a yi wa masu doka.

Ka yi rani guda kana yawo da takardar nan a kan babur, ƙafarka ta fara kumbura ba ka gaya wa kowa ba. Ka karanta wa mutane ita da Hausa a ƙofar masallatai, ka fassara ta da Fulatanci a rugage. Mato ya dangwala yatsa, Ardon da ɗansa ya doke shi ya dangwala a ƙasan nasa, a shafi ɗaya.

Da aka sanar cewa za a yi zaman jin ra'ayin jama'a kan gyaran dokar a wani otal a Kano, ka yi murna kamar an ba ka kujerar Makka. Muka tafi mu uku, ni da kai da Jannatu, a motar haya. Aka ce ƙarfe tara, aka fara sha ɗaya. Manya suka yi awa uku suna gode wa juna, kowa ya tashi sai ya jero sunayen waɗanda ke kan babban tebur da muƙamansu, ya ce 'yancin magana ginshiƙi ne, a tafa masa. Jama'ar da aka ce za a ji ra'ayinsu an ba kowa minti biyar a ƙarshe. Da aka kira sunanka ka tashi da sanda, ka yi sallama, ka fara da labarin Mato. Ba ka wuce minti biyu ba Alhaji Saminu ya dubi agogonsa, ya jawo makirufo ya ce lokacin salla da cin abinci ya yi, Malam ya ajiye takardarsa, za a duba. Ka ajiye. Zauren ya watse zuwa wajen shinkafa. Da muka zo fita Jannatu ta ce mu jira ta. Ta koma ciki ta dawo da takardar a hannu. A kan teburin ta same ta inda ka ajiye, an ɗora mata robar ruwa, gindin robar ya jiƙa shafin da mutanen Unguwar Gai suka dangwala yatsa.

A mota ina ta huci, Jannatu ta juya fuska tana kallon taga. Kai ka ce, "Sun ji minti biyu. Bara ko daƙiƙa ɗaya ba su ji ba." Ka sa Afra'u ta sake bugawa, ka aika ta gidan waya. Ba a amsa ba. Ni ban gaji wannan haƙuri naka ba, kuma ba na jin waɗannan mutane sun cancanci a yi musu shi.

Har ciwo ya kwantar da kai mutane ba su daina zuwa zaurenka ba. Wanda aka ci wa iyakar gona, wanda aka kama wa saniya, su zo su zauna, ka aika a kira ɗayan, kowa ya faɗi tasa. Shirin ya ci gaba a kan tabarma, sai dai mutum goma ke ji maimakon dubbai.

Ranar sadakar uku ina cikin gida tare da mata, sai aka ce Alhaji Saminu da Adnan sun iso, da mai ɗaukar hoto a bayansu. Muna jiyo jawabin Alhaji daga zaure. Ya ce an yi rashin gwarzo mai faɗin gaskiya komai ɗacinta, irinsa ne ƙasa ke buƙata. Ya ce shi da marigayi sun fahimci juna ƙwarai. Sannan ya nemi iso ya yi wa uwargida gaisuwa, babban ɗanka Mukhtar ya rako su har bakin ƙofar ɗakin da Hajiya Saudat ke zaune. Bayan gaisuwa Adnan ya ce gidan rediyo, da amincewar kwamiti, ya yanke shawarar sa wa ɗakin watsa shirye-shirye sunanka.

Hajiya ba ta ɗaga murya ba. Daga bayan labule ta ce, "Alhaji, mun gode da zuwa, Allah Ya ba da lada. Tambaya ɗaya gare ni. Takardar nan da kuka dakatar da shi, an janye ta?"

Alhaji ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, ai wannan maganar ofis ce. Sai kwamiti ya zauna."

"To idan ya zauna a sanar da mu. Sunan kuma a bar mana abinmu tukuna."

Mai hoton ya sauke na'urarsa. Ba su tsaya cin abinci ba.

Haka ne, mai karatu. Malam Mika'ilu ya koma ga Ubangijinsa yana dakatacce. Ɗakin da suke so su rubuta sunansa a ƙofa, da zai tashi yau, mai gadi ba zai bar shi ya shiga ba.

Washegarin sadakar ukun Adnan ya miƙo mini takardar yabo shafi biyu da ya rubuta a kanka, ya ce in karanta a labaran ƙarfe huɗu. Na ce zan karanta, amma zan ƙara layi ɗaya in faɗi cewa an dakatar da kai, kuma ba a janye ba. Ya ce ba zai yiwu ba. Na ajiye masa takardarsa. Wani ya karanta, ni kuma yanzu ina gida a hutun da ban nema ba. Kada kowa ya yaba mini, na makara da shekara biyu. Wayar tana nan a kan burtalin Rurum, an ma ƙara mata turaku. Shawararka tana hannun Afra'u, ni da ita da Jannatu mun yi magana, za mu sake zagawa da ita bayan sadakar arba'in, mu ƙara yatsu, mu sake kai musu. Idan sun ba mu minti biyu za mu karɓa.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanka Mika'ilu ɗan Alu. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Ka sa jinyar da ya sha ta zama kaffara, Ka sa duk jinin da bai zuba ba saboda tafiyar da ya yi a kan babur ya zama nauyi a mizaninsa. Ka sada shi da Annabin rahama, sallallahu alaihi wa sallam, Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Saudat, da Mukhtar, da Afra'u, da Fatima Zahra'u da sauran 'ya'ya da jikoki, da dangin mahaifinsa na Lausu da dangin mahaifiyarsa na ruga. Ina yi wa manoma da makiyayan Rano da Kibiya ta'aziyya, domin su ne suka yi rashin da ba a san ranar mayar da shi ba. Allah Ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Waɗanda suka rufe masa baki kuwa, ba ni da gaisuwar da zan yi musu, domin ba su yi rashin komai ba.

Allah Ya gafarta maka, Malam.